Tukunyar da Ta Ƙi Tsayuwa

Saura kwana tara a buɗe Fungu aka wayi gari wani ya shige shi.

Bi Tatu ce ta gani, don ita ke da gadi a safiyar. Ta ce gari na wayewa ta iso bakin ruwa, ko da yake duk wanda ya san Bi Tatu ya san sai ta sha shayi kofi biyu kafin ta tuna inda ta ajiye takalmanta. A cikin saiwoyin mikoko, itatuwan nan da ke tsaye da ƙafafunsu cikin ruwan gishiri, ta tarar da tukunyar iska irin ta masu nutso, a kwance, a jiƙe. Kusa da ita akwai jakar raga da pweza, wato dorinar ruwa, guda uku a ciki, matattu, hannuwansu takwas-takwas sun leƙo ta ramukan ragar. Rabon da a ga pweza masu wannan girman a garinmu tun ina saurayi.

Wata uku ke nan da muka rufe Fungu, dutsen murjanin da ke gaban garin. Matan da ke binsa da ƙafa idan ruwa ya janye, suna zungurar ramuka da sandar ƙarfe, su suka fi kowa jin jiki, domin da pweza suke cefane. An ci rogo gaya, an ci dafaffiyar ayaba ba mahaɗi, duk don a bar ƙananan su girma. Mze Jecha, shugaban kwamitin ruwa, shi ya kawo shawarar rufewar, shi kuma ya tsara hukuncin: duk wanda ya shiga kafin ranar buɗewa, shekara guda ba shi ba tekun garin nan.

Ita tukunyar ba ta buƙatar shaida. Masu nutsonmu duk da ta alminiyam suke aiki, irin wadda otal-otal ke sayarwa idan ta tsufa. Ta baƙin ƙarfe guda ɗaya ce tal a garin, kuma ta Faki ce. Faki ɗan babban tudu ne, ba haifaffen tsibirin nan ba, shekara takwas da ƙetarowarsa nan Pemba. Ya auri Mize, 'yar Mze Jecha, yana zaune a gidan surukinsa da 'ya'ya uku. Ba shi da gona, ba shi da ko itacen kanumfari ɗaya. In aka hana shi ruwa shekara guda, korarsa aka yi daga garin, kowa ya san haka. Kafin hantsi an riga an gama shari'arsa a bakin rijiya.

Ni sunana Pandu. Aikina bin sawu: ɓarayin kanumfari, shanun da suka tsinke igiya, wani lokaci mazan da suka ce sun tafi masallaci. Ban taɓa nutso ba, kuma ba ni da niyya. Ruwan da ya wuce ƙirjina na bar wa masu shi. Kwamiti ya aiko a kira ni don dai a cika ƙa'ida, aka ba ni kwana uku kafin a zauna.

*

Na tarar da rabin garin ya riga ni, sun tattake yashin kamar an yi kasuwa. Mutanenmu suna da kirki, amma in ka ce musu kada su taka wuri, nan za su kawo tabarma. Na kore su, na hau can sama inda ruwa bai kai ba, inda mai nutso zai zauna ya shirya.

A nan na ga wani ɗan rami mai santsi, kamar an danna gindin ƙwarya a yashi. Gefensa kuma doguwar shaida, inda abu mai nauyi ya faɗi ya kwanta. Taku ɗaya gaba, ga wani ramin, ga wata faɗuwar. Na sa aka kawo tukunyar Faki, na juya gindinta. Zagayayye ne, ba ta da mazauni. Wani ya yi ƙoƙarin tsayar da ita sau biyu, sau biyu tana kifewa. Sawun da ke wurin na takalmin roba ne irin na masu nutso, wanda kowa da irinsa, sauran kuma ruwa ya shafe.

Ta hanyar da ta gangaro daga gari na sami sawun Faki. Na san ƙafarsa, babban yatsansa na hagu a karkace yake. Ba takalmi ya sauko, a guje, yatsu na tonon ƙasa, ba ya ɗauke da komai. A komawarsa takun ya gajarce, duga-dugansa sun nutse sosai.

Bi Tatu, wadda ta ƙi koruwa, ta leƙo ta kafaɗata. "Ka gani ko, Mze? Buhu ya cika ya saɓa. Ukun nan ragowa ne."

Na ci gaba da bin sawun. A ƙarƙashin wata kwakwa Faki ya durƙusa ya sauke kayansa don ya huta. Kuma abin da ya sauke ɗin ya dafa ƙasa da tafin hannu, yatsu biyar, a gefen da hannun Faki ba zai kai ba. Na sa ƙafa na rufe wurin kafin Bi Tatu ta iso, ban kuma san dalilin da ya sa na yi haka ba a lokacin.

*

Na sami Faki a bayan gida yana wanke madubin nutsonsa da ruwan daɗi, abin da bai buƙaci wanki ba. Ya gaishe ni da ladabi, bai ɗago ba.

"Tukunyarka ce?"

"Tawa ce, Mze."

"Kai ka shiga da ita?"

Ya ci gaba da wanke madubin.

"Ina kake ajiye ta?"

"A rumfar can, tare da sauran kayan gidan."

Na leƙa rumfar. Ga katako biyu a ƙasa da aka sassaƙa musu gurbi, inda tukunya ke kwanciya. A kusurwa kuma wata tukunyar alminiyam ce a tsaye cak, ƙura ta rufe kafaɗarta. A jikin ƙusa ɗamarar nutso ɗaya ce ke rataye, da dalma biyu a jikinta, a bushe ƙamas.

"Faki, ka taɓa tsayar da tukunyarka a kan gindinta?"

Sai a nan ya dube ni, har ya kusa yin dariya. "Haba Mze. Wa zai tsayar da ƙwai?"

"To me ka ɗauko daga bakin ruwa yau da safe?"

Dariyar ta koma inda ta fito. "Mze Pandu, in kwamiti ya ce shekara guda, zan tafi shekara guda. Akwai ruwa a wasu wuraren."

"Da Mize da yaran?"

"Wannan kuma ita za ta zaɓa."

Mize tana tsaye a ƙofar kicin da makankarin kwakwa a hannu, ta ji komai. Idanunta sun kumbura. Ta ce, "Kawu, tun safe nake tambayarsa. Ni ma ya ƙi gaya min. Na farka ban gan shi ba, na ɗauka masallaci ya tafi." Na yarda da ita. Wanda ya san gaskiya yana ɓoyewa ba ya kallon mutum irin kallon da ta yi min.

*

Da yamma maganar gari ta ɗan karkata. Bi Tatu ta tuna, bayan ta sake shan shayi, cewa ta hangi kwalekwalen Kombo ya fita da duku-duku. Kombo shi ke da injin ɗura iska, shi ma mai nutso ne, kuma sun taɓa sa-in-sa da Faki a kan wani ramin kifi. Shi ya cika tukunyar Faki jiya. In akwai wanda ya san tana cike, ya san kuma inda take kwana, shi ne.

Washegari na same shi a rumfar injinsa, kunci a kumbure, ya ɗaure haɓa da ƙyalle.

"Ina ka je jiya da asuba, Kombo?"

Ya kwance ƙyallen, ya wage baki, ya nuna min wani gurbi mai jini-jini a can ciki. "Asibitin ƙetare. Ka je ka tambayi likitan, har yanzu haƙorin na wurinsa, in kana so ka bi sawunsa shi ma."

Na aika aka tambaya daga baya, haka ne. Amma tun da na zo, na zauna a kan wata tsohuwar taya na ce ya koya min abin da ban sani ba. Me ya sa kowa ya zaɓi alminiyam, Faki kaɗai ya riƙe ƙarfe?

Kombo, ko da ciwon haƙori, in aka taɓo masa tukwane ba ya gajiya. "Alminiyam ba ta da rigima, Mze. Ba ta tsatsa irin ta ƙarfe, ka jefa ta a kwalekwale, ka bar ta a gishiri, ba ruwanta. Gindinta a shafe yake, ka tsayar da ita ka sa kayanka a tsaye kamar mutum. Ta ƙarfe kuwa sai lallashi. In danshi ya shiga cikinta, tsatsa za ta ci ta daga ciki ba ka sani ba. Amma in ka kula da ita, sai ta binne ka ta binne ɗanka. Kuma ta fi ɗaukar iska. Faki ya gaji tasa ne wurin ubansa, duk wata sai ya leƙa cikinta da tocila kamar mai duba jariri."

"A ruwa fa, wacce ta fi?"

"Nan ne maganar take. Alminiyam, da iskar ta fara ƙarewa, sai ta yi sauƙi ta riƙa ɗaga ka sama ta baya, ko kana so ko ba ka so. Shi ya sa muke ɗaura dalma da yawa a ƙugu, ta riƙe mu. Ni huɗu nake sawa, mai jiki ya kan sa biyar ko shida. Ta ƙarfe kuwa, cike ko wayam, ƙasa take ja. Ita kanta dalma ce. Faki biyu kawai yake ɗaurawa."

"To in mutumin da ya saba da alminiyam ya ɗauki ta ƙarfe, ya ɗaura ɗamararsa ta kullum?"

Kombo ya daina shafa kuncinsa. "Mu da ba mu da rigar hurawa irin ta baƙin otal? Zai sauka lafiya, har ya ji daɗin saurin. Tasowar ce ba zai iya ba. In bai kwance ɗamarar ya yar ba, sai dai a je a ɗauko shi."

"Su wa ke da alminiyam a garin?"

"Mu biyar ne. Uku suna zangon kamun kifi a kudu, sati biyu ke nan. Sai ni. Sai Mze Jecha, amma shi tasa ta mutu. Watan jiya na ga tsaga a wuyanta, siririya kamar gashi, na ce ba zan ɗura ba, kar ta fashe ta tafi da rumfata da ni. Ya zage ni tas, ya ce tun ban san hanyar masai ba yake nutso." Ya yi dariya, sai kuma ya dube ni, dariyar ta tsaya.

*

Ni da Jecha rana ɗaya aka yi mana kaciya. Tare muka saci mangwaro, tare aka zane mu. Shi ya zaɓi ruwa, ni na zaɓi tudu, shekara hamsin muna yi wa juna ba'a a kan haka. Ban taɓa jin hanyar gidansa ta yi min nisa ba sai a ranar.

An ce zazzaɓi ya kwantar da shi tun jiya. Na same shi a kan gadon igiya, ya rufe ƙafafunsa da zane duk da zafin da ake yi, yana tari mai ruwa-ruwa.

"Matsoracin ruwa," in ji shi. "An ce ka zama ɗan sanda."

"Tsohon kifi. An ce ka zama majinyaci."

Muka yi dariya, ba ta yi daɗi ba. Ya sa aka kawo gahawa. Na riƙe ɗan kofin har ya huce a hannuna.

"Jecha, izini na zo nema. Ina so Kombo ya nutsa a bakin Fungu, inda ya yi zurfi. Ba zai taɓa komai ba, dubawa kawai. Kai ne shugaba, sai ka yarda."

"Me kake nema a can?"

"Abin da aka yar."

Ya daɗe yana kallon rufin ɗakin. Na ji Mize a tsakar gida tana yi wa ƙaramin ɗanta faɗa a hankali. Ina zaune ina roƙon Allah a zuciyata ya buɗe baki ya faɗa min, mu tashi tare mu je wurin mutane, a yi ta ta ƙare. Da ya yi haka, da na riƙe masa hannu har can.

"Ka sa a duba," ya ce. Ya juya fuskarsa bango.

*

Ruwa na cika muka fita, ni da Kombo da Bi Tatu a matsayin idon kwamiti. Na zauna a tsakiyar kwalekwale na riƙe gefe da gefe, Bi Tatu tana tambayata ko in ba ta wasiyyata. Kombo ya tsayar da tukunyarsa, ya zura hannuwa, ya ɗaura dalmarsa huɗu, ya faɗa ta baya.

Bai daɗe ba ya taso, ya riƙe gefen kwalekwalen yana haki. Ya ce a ƙasa, gindin dutsen, akwai wuri da aka farfasa murjani, yashi kuma duk shaidar gwiwa da hannu. Wani ya yi ta rarrafe yana neman hawa yana zamowa. Sannan ya ɗaga hannu ya jefo wani abu cikin kwalekwalen, ya faɗi da ƙara.

Ɗamara ce, da dalma shida. Ba irin ta kanti ba ce mai kusurwa huɗu. Waɗannan an narka su ne a gida an zuba a ƙananan kofunan gahawa, kowacce da siffar kofin. Na san ranar da aka zuba su, don ni na hura wutar, matar Jecha, Allah ya jiƙanta, tana ta masifa an lalata mata kofuna.

Bi Tatu ta kalli ɗamarar, ta kalle ni. Na roƙe su su riƙe bakinsu zuwa gobe, na naɗe ɗamarar a cikin rawanina.

*

Rana ta uku bayan la'asar aka taru a ƙarƙashin mangwaron masallaci. Mata a gefe guda da sandunansu, kamar an ce musu za a yi yaƙi. Faki a tsakiya a kan tabarma, tukunyarsa a kwance a gabansa. Kombo a gefe, don har yanzu akwai masu cewa shi ne. Mize a can baya da goyo. Jecha ya zo da sanda, ya hau kujerar shugaba, zanensa har idon sawu.

Ya buɗe taro da addu'a, muryarsa a dishe. Ya maimaita laifin da hukuncin. Sannan ya dubi mijin 'yarsa.

"Faki, kana da abin cewa?"

"Babu, Baba."

Na jira. Na ƙirga numfashina har goma ina kallon abokina. Leɓensa ya motsa, amma abin da ya fito shi ne, "To, in babu mai magana..."

Na miƙe. Ban taɓa jin haushin wani mutum da tausayinsa a lokaci guda kamar yadda na ji a wannan tsayuwar ba.

Na ce, "Jama'a, kun ba ni kwana uku, ga abin da ƙasa ta gaya min. Wanda ya shiga Fungu ya yi ƙoƙarin tsayar da tukunyar nan sau biyu. Faki, tashi ka tsayar mana da ita."

Faki bai motsa ba. Wani saurayi daga cikin masunta ya zo ya gwada, ta kife, ta kusa daka masa ƙafa. Aka ɗan yi dariya.

"Mai ita ba zai yi wannan kuskuren ba, hannunsa ya saba kwantar da ita tun yana yaro. Wanda ya yi, hannunsa ya saba da alminiyam ne. Faki ya je bakin ruwa, gaskiya ne, amma a guje ya je, hannu biyu, ɗamararsa tana gida a bushe. Abin da ya saɓo kuma ba buhu ba ne. Mutum ne."

Aka fara gunaguni, idanu suka koma kan Kombo. Ya buɗe baki zai nuna gurbin haƙorinsa, na ɗaga masa hannu.

"Shi wancan mutumin ya ɗauki tukunyar da ba tasa ba, amma ya ɗaura ɗamararsa ta kullum, wadda aka auna don alminiyam. Nauyi ya haɗu da nauyi, ruwa ya riƙe shi a ƙasa. Da bai kwance ta ba, da yau zaman makoki muke yi."

Na warware rawanin, na ajiye ɗamarar a kan tabarma. Ban faɗi suna ba. Tsofaffin da ke sahun gaba ba su buƙaci in faɗa ba, kuma shirun ya tashi daga wurinsu ya bi layi har baya. Na ji Mize ta ce "Baba" a hankali, kamar mai tambaya.

Jecha ya dafa sandarsa, ya miƙe. Ya kama zanen ya ɗaga zuwa gwiwa. Daga gwiwar har ƙauri fatar a yayyage take, yankan murjani, wasu sun fara ruwa.

"Tawa ce," ya ce. "Ku zauna, ba sai kowa ya tashi ya leƙa ba."

Ya yi tari, ya jira ya lafa.

"Ni na ce a rufe. Wata uku ina jin 'ya'yanku na kukan rogo gaya, ina wucewa kuna gaishe ni da rabin baki. Sai tsoro ya shige ni. Na ce, in aka buɗe aka tarar babu komai fa? Na ce bari in je in gani da idona, in dawo, ba wanda zai sani. Tawa ta lalace, na ɗauki ta yaron nan. Shekara arba'in da biyar ina nutso, kuma ban tsaya na yi tunanin dalma ba, hannuna ne ya ɗaura ta da kansa." Ya girgiza kai. "Da na sauka na gan su. Wallahi suna nan, kowane rami da mai shi, irin na zamanin iyayenmu. Ban je don in kama ba. Amma na ga na farko ya miƙo hannu, kafin in ankara yana cikin jakata. Sai na biyu, sai na uku."

Bi Tatu ta ce, ba da ƙarfi ba, "Wannan mun ji, Mze. Kwana ukun fa?"

"Shi ne ba ni da amsarsa, Tatu. Yaron nan ya ga babu tukunyarsa, ya biyo ni, ya tsamo ni ina shan ruwa, ya goya ni har gado. Na ce masa kada ya faɗa, zan faɗa da kaina. Kullum in na buɗe baki sai in ce gobe. Da Pandu bai tashi ba, da na kore shi da bakina."

Ya juya ya fuskanci kujerar da ya tashi daga kai, kamar akwai wani a zaune.

"Jecha ɗan Usi ya shiga Fungu kafin ranar buɗewa. Shekara guda ba shi ba tekun garin nan, ko tafin ƙafarsa ba zai jiƙa ba. Ku nemi wani shugaban." Sannan ya dubi Faki. "Ɗauki tukunyarka, ɗana. Ka wanke ta da ruwan daɗi, kwana uku tana cikin gishiri."

Ba wanda ya yi ihu, ba wanda ya zage shi. Matan suka tattara sandunansu suka watse biyu-biyu. Mize ta zo ta tsaya tsakanin mijinta da ubanta, ta rasa wanda za ta fara taɓawa. Daga ƙarshe ta kama hannun tsohon, don shi ne ba ya iya tafiya shi kaɗai.

*

Na ɗauka Faki zai gode min. Ya tsaya har kowa ya tafi, ya saɓa tukunyarsa a kafaɗa, sannan ya zo gabana.

"Mze Pandu, ba don raini ba. Ni shekarata talatin da huɗu. Da na je wani tsibirin na yi shekara guda na dawo, ruwan yana nan, ni ma ina nan. Shi shekararsa sittin da takwas. Mai nutso in ya bar ruwa shekara guda a wannan shekarun, ƙirjinsa ba ya komawa. Ka san haka?"

"Ban sani ba," na ce.

"Shi ya sani, lokacin da yake faɗa." Ya gyara tukunyar ya wuce.

Na sha juya maganar nan. Har yau ina ganin da za a sake ba ni kwana ukun nan, abin da na yi shi zan sake yi, domin ba zan iya kallon ana korar mutum da 'ya'yansa a kan laifin da bai yi ba. Amma sanin haka bai taɓa sa na ji sanyi ba.

An buɗe Fungu a ranar da aka sa. An kama pweza har masu saye daga birni suka rasa ƙanƙarar zubawa, Bi Tatu kaɗai ta fito da goma sha ɗaya. Jecha bai zo ba, kuma tun ranar taron bai sake yi min magana ba, sai gaisuwa.

Ni dai ba na iya hana idona aikinsa. Kowace safiya in na bi ta bakin ruwa sai in ga sawunsa, ƙafa biyu da ɗigon sanda, ya gangaro daga gari tun kafin kowa. Yana zuwa har inda busasshen yashi ya ƙare, saura taƙi ɗaya ya taɓa jiƙaƙƙen. A nan sawun ke nutsewa sosai, irin na wanda ya daɗe a tsaye. Daga nan ya juya ya koma gida.